Zoɓo: Jan Abin Shan Jigawa da Duniya Ke Kira da Sunan Wasu

A cikin watanni tara na shekarar 2017, kwantena 1,983 na busasshen zoɓo suka bar Nijeriya zuwa ƙasar Meziko. Hukumar NAQS, mai kula da lafiyar amfanin gonar da ke shige da fice a ƙasar nan, ta ce kuɗinsu ya kai dala miliyan 35. Kaso mai tsoka na wannan kaya ya fito ne daga gonakin rairayi na Jigawa da maƙwabtanta, ya bi ta Kano, ya gangara Legas, ya haye teku. Da ya isa, aka jiƙa shi, aka zuba masa sukari da ƙanƙara, aka jera shi cikin manyan tulunan gilashi a bakin kasuwanni da gidajen abinci. Sunan da ake kiransa da shi a can kuwa shi ne "ruwan Jamaika".

A ƙasashen da ake shan jar giyar inabi, mai saye kan yi tambayoyi uku kafin ya buɗe aljihu: wane irin inabi ne, a wace ƙasa ya tsira, kuma da wane abinci ya dace. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ke sa wata kwalba ta ninka wata kuɗi sau ɗari, ko da kuwa gonakinsu na kallon juna. A Dutse giya ba ta cikin lissafi. Addini ya haramta ta, al'ada ta ƙyamace ta, kuma shari'ar da jihar ta ƙaddamar a shekarar 2000 ta hana cinikinta. Sai dai tambayoyin nan uku sun fi ƙarfin giya. Da su ake auna gahawar Habasha da ganyen shayin Indiya, kuma da su ya kamata a auna jan abin shan da ƙasar Jigawa ke nomawa. Tarihin zoɓo ya nuna yadda aka yi amsoshin suka kasance a hannun matan gida da manoma, alhali ribar suna ta tafi wani wuri.

Abincin miya kafin ya zama abin sha

Masana tsirrai suna kiransa Hibiscus sabdariffa, sunan da Linnaeus ya tabbatar masa a 1753. Akasarinsu sun tafi a kan cewa asalinsa Afirka ne, a shimfiɗar ƙasar da ta tashi daga Sudan ta yau zuwa Senegal, wato yankin gero da dawa. Yadda Bahaushe ya rarraba masa sunaye ma shaida ce ta tsohuwar sanayya. Tsiron da ganyensa yakuwa ne, Sakkwatawa da Katsinawa kuma su ce sure. Ƙwayar irinsa gurguzu ce. Idan aka dafa ƙwayar aka rufe ta ta ruɓa, ta zama daddawar batso, wadda har yau take da kasuwa a Jamhuriyar Nijar. Jan ɓangaren da ake jiƙawa kuma shi ne zoɓorodo ko soɓorodo, wanda baki ya taƙaita zuwa zoɓo. Likitan nan ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, da ya tattara sunayen tsirran ƙasar Hausa cikin littafinsa na 1916, a ƙarƙashin sunan yakuwa ya rubuta shi.

Duk da cewa 'yan kasuwa kan ce furen zoɓo, furen kansa ba ya shiga tukunya. Yakan buɗe da safe, ya yi yaushi kafin yamma, ya faɗi. Abin da ke saura shi ne ɗan kofin da ke tallafe da shi daga ƙasa. Wannan kofi ne ke kumbura, ya yi kauri, ya rungume ƙwanson iri. Shi ake ɓarewa da hannu a shanya.

A tsarin noman gargajiya na ƙasar Dutse, Ringim da Gumel, ba a cika ware wa yakuwa gona tata ba. Akan jera ta a kan iyaka tsakanin gona da gona, ko a yafa ta cikin gero da wake, ko a shuka ta a bayan gida. Ta dace da wannan matsayi domin ba ta da tsirfa: tana jure ƙarancin ruwa, tana rayuwa a jigawa, wato ƙasar rairayi marar riƙe danshi wadda jihar ta samo sunanta daga gare ta. Tana kuma jira sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina sannan ta yi fure, don haka girbinta kan faɗo ne bayan an kai gero rumbu, lokacin da iskar hunturu ke busar da duk abin da aka shimfiɗa.

Amfaninta na farko a tukunya yake. Ganyen yana shiga miyar taushe da fate da miyar gyaɗa, inda tsaminsa ke karya maiƙo. Farin zoɓo, wanda kofinsa ba ya yin ja, ana dafa shi a rage masa tsami da toka ko kanwa, a yi miya ko a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Abin sha na yau da kullum a wancan zamani kuwa fura da nono ne, da kunun tsamiya, da kunun kanwa, da kunun zaƙi. Jiƙon zoɓo yana nan a gefe, ana sha don magani ko don kashe ƙishi, ana sanyaya tsaminsa da zuma ko mazarƙwaila idan an samu.

Yadda ya haye teku

Tun a 1576 wani masanin tsirrai na Turai, Matthias de l'Obel, ya siffanta wannan tsiro a rubuce. Amma babbar tafiyar zoɓo ta faru ne ta hanya mafi muni a tarihin Afirka. Jiragen da suka kwashi bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma sun kwashi tsaba tare da su: kuɓewa, wake, riɗi, da gurguzun yakuwa. Bayin da aka bai wa 'yan filaye su noma abin da za su ci, sun shuka abin da bakinsu ya sani. Hans Sloane, likitan da ya je Jamaika a 1687, wanda daga baya tarin kayansa ya zama harsashin gidan tarihin Birtaniya, ya tarar da tsiron a tsibirin, ya kuma ambace shi cikin littafinsa da ya fara fitowa a 1707.

Sawun wannan tafiya bai goge ba. Sunan da Faransawa suka ba shi yana nufin "ganyen tsami na Gini". A jihar Maranyawu ta arewa maso gabashin Birazil, abincin da ake alfahari da shi shinkafa ce da ake haɗawa da ganyen yakuwa, da soyayyen riɗi, da busasshen jatan lande, haɗin da duk wata uwargida a Kiyawa za ta gane daga ƙamshinsa. A Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan, zoɓo da citta shi ne abin shan Kirsimeti, saboda a daidai lokacin yake nuna. A Amurka, jikokin bayi kan sha jan abin sha ranar 19 ga Yuni don tunawa da ranar da labarin 'yanci ya isa Galbeston ta jihar Tekzas a 1865, kuma masu nazarin tarihin abinci irin su Adrian Miller suna danganta wannan jan launi da zoɓo da kuma goro. A Meziko ya samu gindin zama har jihar Gerero ta zama cibiyar nomansa, sunan tsibirin Jamaika kuma ya manne masa.

A cikin Afirka ma kowace al'umma ta yi masa nata suna. Wolof na Senegal suna cewa bisaf, Bambara na Mali dabileni, Fulanin Kamaru follere, mutanen Sudan da Masar karkade. A Gana sunansa sobolo, kalmar da kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a kanta. A Nijeriya kuwa, daga Legas zuwa Fatakwal, kalmar Hausa ce ta yi rinjaye.

Sukari, ƙanƙara da leda

Zoɓon da aka sani yau, mai sanyi da zaƙi, ɗan zamani ne. Abubuwa uku suka haife shi. Na farko farin sukari, wanda ya yawaita a kasuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har aka fara yinsa a gida da buɗe masana'antar Bacita a shekarun 1960. Na biyu wutar lantarki da firji da ƙanƙara. Na uku leda da robar ruwa, waɗanda suka ba da damar a ƙulla abin sha a sayar da shi a tasha ko a ƙofar makaranta ba tare da an jira a dawo da kofi ba. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya ƙara masa kasuwa, domin lemon kwalba ya yi wa talaka nisa, mata da yawa kuma suna neman sana'ar da za a yi daga cikin gida da ƙaramin jari.

Dutse ta shiga wannan zamani da gudu. Kafin 27 ga Agusta, 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano, gari ne mai natsuwa, wanda aka fi sani da duwatsunsa, da fadar sarki a Garu, da itatuwan dabino. Zamansa babban birni ya kawo ma'aikata, sakateriya, sababbin unguwanni irin su Takur da Gida Dubu, daga baya kuma Jami'ar Tarayya a 2011. Duk inda ma'aikata da ɗalibai suka taru, sai an sayar da abincin rana, kuma kusa da kular shinkafa akwai kular zoɓo. Ya shiga walimar aure da ta suna, ya zama ɗan gida a faifan buɗa-baki.

Akwai iyakar da masu wannan sana'a suka sani sarai. Ruwa mai sukari idan ya kwana biyu cikin zafi yakan fara kumfa, ɗanɗanonsa ya juya. Fiƙihu ya daɗe da sanin wannan matsala a babin nabizu, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan jiƙo, yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya saura kuma ba ya ajiye shi. Abin da ya raba halattaccen jan abin sha da haramtacce shi ne wannan juyawa, shi ya sa zoɓon kirki na ranarsa ne.

Daga iyakar gona zuwa kwantena

Kusan tsawon ƙarni na ashirin, amfanin gonar kuɗi a wannan yanki gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa layin zuwa Nguru a 1930, ya ratsa ta Ringim, Gagarawa da Malam Madori, kowace tasha ta zama wurin awon gyaɗa. Farin farkon shekarun 1970 ya raunana wannan ciniki, annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da shi, sannan aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Manomin jigawa ya shiga neman abin da zai maye gurbi, wanda zai jure ƙarancin ruwa, kuma ba ya cin taki da yawa. Riɗi da zoɓo suka amsa kira.

A daidai wannan lokaci buƙata tana ƙaruwa a waje. Kamfanonin shayin ganyayyaki na Jamus sun daɗe suna amfani da zoɓo a matsayin ginshiƙin launi da tsami a shayin 'ya'yan itace. A Amurka, kamfanin Celestial Seasonings ya fito da shayin Red Zinger a 1972, wanda zoɓo ne jigonsa. Meziko kuma tana shan fiye da abin da take nomawa, dole ta cike giɓi daga Sin, Sudan da Afirka ta Yamma. Haka yakuwa ta tashi daga kan iyaka ta mamaye tsakiyar gona, Jigawa ta shiga sahun gaba a nomanta a Nijeriya. Daga kasuwannin mako irin su Maigatari, Gujungu da Shuwarin, dillalai kan tara buhuna su kai rumbunan Kano, musamman Dawanau, inda ake tsincewa, a bushe ƙura, a danƙare cikin kwantena.

Aikin da ya fi cin rai a wannan sarƙa shi ne ɓara, kuma mata da yara ne ke yinsa. Kowane kofi sai an raba shi da ƙwansonsa da hannu, ga ƙaiƙayi, ga tsami mai cin yatsu. Kilo da yawa na ɗanye ne ke komawa kilo guda na busasshe.

Ba a jima da shekarar albarka ta 2017 ba sai rauni ya bayyana. Jami'an Meziko suka gano ƙwaron rumbu da ake kira kafra cikin wasu kwantenoni daga Nijeriya. Ƙwaro ne da ƙasashe ke tsoro ƙwarai, domin tsutsarsa tana iya daɗewa a ɓoye ba ci ba sha, idan kuma ta shiga rumbun hatsi fitar da ita aiki ne. Aka dakatar da shigar da zoɓon Nijeriya. Farashi ya faɗi a kasuwannin ƙauye, manomin da bai taɓa jin sunan tashar jiragen ruwa ta Berakurus ba ya ji a jikinsa. Sai bayan shekaru ana tattaunawa tsakanin hukumomin ƙasashen biyu aka sake buɗe ƙofa, bisa sharaɗin turara kaya da maganin ƙwari a ɗakunan da aka amince da su. Darasin a fili yake: kayan da ba shi da suna, wanda ake saye da nauyi kawai, laifin buhu ɗaya kan shafi ƙasa baki ɗaya, kuma mai saye yana iya juyawa ga wani mai sayarwa gobe da safe.

Abin da harshe ke ji

Ɗan kasuwar waje yana duba abubuwa kaɗan ne: duhun launi, bushewa, tsabta, da ko kofunan sun farfashe. Uwargidan da ta shekara ashirin tana dafa zoɓo tana duba fiye da haka. Ta san baƙin zoɓo, mai launin jinin kare, yana ba da ruwa mai kauri da duhu, tsaminsa da sauƙi. Ta san ja mai haske ya fi kaifin tsami da tashin ƙamshi, amma ruwansa ba ya cika ido. Ta san na bana da na bara, domin wanda ya kwana shekara launinsa kan koma ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa ya koma na busasshiyar ciyawa. Sau da yawa takan haɗa biyu, ɗaya ya ba da launi, ɗaya ya ba da tsami. A Senegal wannan sani ya kai ga raɗa wa ire-iren suna: akwai Bimto mai duhun launi, akwai Koor mai tsami, masu sana'a kuma suna haɗa su da gangan. A Sudan, sunan garin Rahad na Kordofan ya zama tambarin karkade mai daraja.

Kimiyya ta tabbatar da abin da harshe ya riga ya gano. Jan launin zoɓo ya fito ne daga sinadaran antosayanin, dangin waɗanda ke cikin ɓawon jan inabi. Tsaminsa haɗin ruwan tsami ne iri-iri, ciki har da irin na lemun tsami da irin na tsamiya. Akwai kuma ɗan bauri, irin wanda ke kama harshe idan an tauna ɗanyar kanya, wanda ke barin baki a bushe bayan an haɗiye. Launin yana da saurin fushi: ɗigon ruwan kanwa kan mayar da shi shuɗi-baƙi, tafasa mai tsawo kuma kan dusashe shi ta fito da ɗaci. Wannan ne dalilin da ya sa a Sudan da Masar da yawa suka fi son jiƙa shi cikin ruwan sanyi na sa'o'i, abin da ke ba da ruwa garau mai ƙamshin 'ya'yan itace. Tukunyar alminiyam ma ba abokiyarsa ba ce, domin tsami yana cin ta.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwajin ba shi da wuya. A samo zoɓo iri biyu ko uku daga kasuwanni daban-daban, a auna su daidai, a ɗauraye, a jiƙa kowanne a nasa mazubi da ruwa daidai wa daida. A zuba a kofin gilashi a ɗaga wa haske. A shinshina kafin a kurɓa. A kurɓa kaɗan ba tare da sukari ba, a bar shi ya zagaya baki, a lura da inda tsamin ya fara kamawa, da tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya ɓace. Sai bayan haka a kawo kayan haɗi. Citta tana ba shi zafi, kanumfari yana ba shi zurfi, na'a-na'a tana sanyaya shi, ɓawon abarba yana tausasa tsaminsa. Garin ɗanɗano na leda da sukari mai yawa kuwa suna shafe duk wani bambanci, su mayar da kowane zoɓo abu guda. Yawan sukarin yana kuma cinye amfanin da likitoci ke gani a cikinsa. A binciken da Diane McKay da abokan aikinta na Jami'ar Tufts suka buga a 2010, mutanen da suka sha kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida sun samu raguwar hawan jini da kimanin maki 7.

Abokan zamansa a faranti

Dokar haɗa zoɓo da abinci ita ce dokar da ta sa ake jefa yakuwa cikin miyar gyaɗa: tsami yana yanke maiƙo. Loma uku na nama mai kitse kan fara ginsar mutum, kurɓi ɗaya na zoɓo mai ƙarancin sukari sai ya wanke harshe, loma ta huɗu ta dawo kamar ta farko. Saboda haka babu abokin da ya kai masa gasasshen nama. Balangu da tsire suna son baƙin zoɓo mai kauri da citta, wanda baurinsa zai iya tsayawa gaban kitse da hayaƙi. Kilishi, da yake shi kansa yana da zaƙi da yaji da garɗin gyaɗa, ya fi dacewa da ja mai haske, mai sanyi sosai, marar kayan yaji, don kada zafi ya hau kan zafi. Soyayyen kifin Hadeja yana karɓar zoɓo mai tsami kamar yadda yake karɓar matsin lemun tsami.

Haka abin yake ga abincin mai da yaji. Ɗanwake, shinkafa da wake, gurasa bandashe, ƙosai da awara duk suna da nauyin mai, kuma zoɓo mai matsakaicin zaƙi yana sauƙaƙa su, zaƙin kuma yana kwantar da zafin barkono. Ga kayan zaƙi na biki irin su alkaki, nakiya da dubulan, ƙa'idar tana juyawa: tun da su sun riga sun ɗauki zuma ko sukari, zoɓon da zai raka su ya kamata ya zo kusan tsurarsa, in so samu ne da ɗumi, kamar shayi.

Akwai inda ba ya shiga. Fura da nono ba sa zama da shi, domin tsaminsa kan sa madara ta yi gudaji. Tuwo da miyar yakuwa ko kunun tsamiya ma ba sa buƙatarsa, tsami ne a kan tsami. Miyar kuka mai daddawa da yawa takan danne ƙamshinsa.

Haɗin da ya fi zama na Dutse shi ne zoɓo da dabino. Garin yana cikin wurare ƙalilan a Nijeriya da dabino ya zama alamarsu, har cibiyar NIFOR mai binciken kwakwar manja da danginta ta kafa reshenta na dabino a nan. Busasshen dabino da aka jiƙa aka markaɗa yana zaƙaƙa zoɓo ba tare da ya kashe tsaminsa ba, yana kuma ba shi kauri da wani garɗi da farin sukari ba shi da shi. A lokacin buɗa-baki, ƙwayar dabino a hannu ɗaya da kofin zoɓo marar sukari a ɗayan sun wadatar: kowanne yana cike abin da ɗan'uwansa ya rasa, kuma dukansu daga ƙasa ɗaya suka fito.

Sauran ƙasashe sun riga sun mayar da irin wannan haɗi al'ada da ake tallatawa. A Meziko ruwan Jamaika abokin gasasshen nama ne cikin waina ta masara. A Dakar bisaf yana biyo bayan shinkafa da kifi, wadda ita ma akan ci ta da ɗan kwaɗon ganyen yakuwa a gefe. A Alƙahira karkade yana cikin abubuwan sha na Ramadan.

Suna linzami

Faransa ba ta tashi da tsadar giyarta daga sama ba. A 1935 ta kafa hukumar da ke tantance sunayen yankuna, ta rubuta a doka wane iri za a shuka a ina, kuma ta yaya, kafin a yarda kwalba ta ɗauki sunan wuri. Wannan dabara ta daɗe da fita daga hannun masu giya. Indiya ta yi wa shayin Darjilin rajista a 2004. Habasha ta yi jayayya da kamfanin Starbucks a kan sunayen gahawarta na Sidamo, Harar da Yirgacefe, aka sasanta a 2007. A 2013 ƙungiyar OAPI ta yi rajistar masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru. A 2021 Tarayyar Turai ta amince cewa sunan shayin roibos na Afirka ta Kudu ne kaɗai. Maƙwabciya Nijar ma ta bi wannan hanya da kilishinta da albasar Galmi.

Zoɓon Jigawa kuwa yana barin gida ba suna. A ƙauye ana zuba baƙi da ja cikin buhu ɗaya, a rumbu a haɗa na Gumel da na Katsina da na ƙetaren iyaka, a takardar jirgi a rubuta "Nijeriya", a kanti kuma ya fito da tambarin wani kamfanin Hambug ko da sunan Jamaika. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya mayar da Kordofan fagen fama, ya sa masu saye sun ƙara waiwayar Afirka ta Yamma, amma cinikin da masifar wani ta kawo yakan tafi ranar da masifar ta kau.

Abin da zai riƙe mai saye shi ne ya san abin da yake samu a nan wanda ba zai samu a wani wuri ba, kuma aikin tabbatar da hakan bai fi ƙarfin jihar ba. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Tarayya da ke Dutse da hukumar JARDA suna iya tattara ire-iren da manoma ke shukawa, a rubuta sunayen da su manoman ke kiransu da su, a auna launi da tsamin kowanne, a ware tsabarsu. Ƙungiyoyin manoma suna iya shanya a kan tabarma ko tamfol maimakon ƙasa, su daina gauraya iri, su rubuta sunan gari da shekarar girbi a kan buhu. Matan da ke dafa shi a Garu da Takur su ne suka fi kowa cancantar zama alƙalan ɗanɗano, domin ilimin yana bakinsu tun kafin a fara lissafin kwantena.

Kasuwar gida ita ce makarantar farko. Ranar da masu saye a Shuwarin suka fara tambayar mai mudu wane iri ne wannan, daga wane gari, kuma na bana ne ko na bara, dillali zai fara ware buhunansa, manomin da ya kula da tsabarsa kuma zai fara karɓar kuɗin da ya fi na wanda bai kula ba.